Maɓallin Akwatin Maganin Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan lafiyar da sauƙi, an sallamo Inna daga asibiti, tana iya zama da kanta.

Na rubuto ne don in na kira ka ihu zan yi. Akwatin maganin da ka haɗa wa Inna, wanda ka ce ta danna maɓalli sau ɗaya ƙwaya ɗaya ta faɗo cikin kofi, shi ya kwantar da ita. Ka san idonta ya yi rauni, abin da ya faɗo shi take haɗiyewa. Likita ya ce maganin hawan jini ya yi mata yawa, shi ya sa na tsince ta a ƙasa bakin banɗaki.

Da na gaya maka a waya, ka ce na'urarka ba ta kuskure, Inna ce ke mantawa tana sake dannawa. Ashe tana ji. Tun ranar ta daina shiga kicin, wai kada ta zuba gishiri sau biyu. In ta idar da salla sai ta tambaye ni ko ta cika. Matar da ta raine mu ita kaɗai, yau ita ke tsoron kanta.

Jiya na zauna da akwatin a kan tebur, na danna a hankali da yatsa ɗaya. Wani lokaci ƙwaya ɗaya, wani lokaci biyu, har uku na gani. To ni ma tsufa ne ya kama ni?

Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin ƙaramin naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso, na karanta, raina ya ƙara ɓaci. Ka cika shafi biyu kana koya mini cewa a cikin maɓalli akwai ƙarafa biyu, in an danna ba sa haɗuwa lokaci guda, sai sun yi ta tsalle suna taɓa juna suna rabuwa kafin su tsaya. Ka ce ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin ta fi ƙiftawar ido sauri, don haka kowane tsalle dannawa take ɗaukarsa. Ka ce maganin abin wani ɗan kayan lantarki ne mai suna kafasita da bai kai ƙwayar wake ba, ko layi kaɗan na umarni da za ka rubuta wa ƙwaƙwalwar ta ɗan jira kafin ta ƙirga.

Wato ka san da wannan tun farko. Ka ce duk mai wasa da irin waɗannan na'urori ya sani, kai dai ka bar shi sai daga baya saboda a teburinka bai taɓa yi ba. Yaya, ƙararrawar ƙofa da fitilun da kake haɗa wa yara, in sun kunna sau biyu dariya ake yi. Wannan a bakin uwarka yake ƙarewa. Kuma duk tsawon takardar har da zanen wayoyi, ban ga inda ka ce ka yi wa Inna ƙarya a kan hankalinta ba.

Akwatin kuwa na ba direban da ya kawo takardarka. Ka gyara, amma da hannunka za ka dawo da shi.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan aiki lafiya.

Akwati ya iso, kai ba ka iso ba. Na gwada shi har yatsana ya yi ciwo, ƙwaya ɗaya yake bayarwa. Hannunka ya iya aiki, ban taɓa musu ba.

Tunda ka bar mini, ni na gaya wa Inna. Na zaunar da ita bakin gado na yi mata bayanin ƙarafan nan yadda zan iya. Ta murza gefen mayafinta, sannan ta ce, "Ashe ba ni ba ce." Ta yi kukan da ko a asibiti ba ta yi ba.

Da ta share ido, ka san abin da ta fara nema? Wai kada in yi maka faɗa, don ƙaunarta ka ƙona yatsu da dalma wajen haɗa wayoyin akwatin. Da safe ta hana ni miƙa mata magani, ta lalubi maɓallin ta danna da kanta, ni ina tsaye ina leƙa kofin.

Ita ta yafe maka tun kafin ka roƙa. Ni ban kai nan ba, kuma ba zan kai ba ta takarda. Ta ce in gaishe ka, to na gaishe ka. Ka zo.

Ƙanwarka,
Auta