Gwangwanayen Garejin Baba

Baba,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce matar Dogo, wanda ya yi maka fentin mota shekara goma sha tara.

Bayan wata goma sha huɗu muna yawon asibiti, an gano ciwonsa. Jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓinsa ne ke mutuwa a hankali, kuma ba a warkewa. Wasu likitoci na binciken abin da ke jawo shi, sun ce har yanzu ba a tabbatar ba. Suna son sunayen fenti da sinadaran da ya daɗe yana shaƙa. Shi harshensa ya yi nauyi. Don Allah ka rubuto mana su.

Na gode,
Matar Dogo

*

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Ga sunayen nan a bayan takarda, na bi gwangwanayen garejin ɗaya bayan ɗaya na kwafo.

Kwana shida takardarki na aljihuna. Ban san ko ya gaya miki yadda muka rabu ba. Ranar sau uku bindigar fenti na suɓuce masa, maganarsa na jan ƙafa. A gaban ma'aikata da mai mota na ce, "Dogo, shan giya ka fara? Matso in ji bakinka." Ya matso. Wallahi ban ji warin komai ba, amma na riga na ɗaga murya, sai na ji nauyin janyewa. Na ce ya ajiye rigar aiki ya tafi. Da girmana na yi wannan.

Ki roƙar mini gafararsa. Idan zai iya kallona, zan zo.

Naku,
Baba

*

Baba,

Saƙo ya iso, na kai wa likitoci.

Bai taɓa gaya mini ba, a bakin ma'aikatanka na ji. Kuma a lokacin na yarda da zarginka. Wata biyu ina laluben aljihunsa, har ƙararsa na kai wa mahaifiyarsa. Don haka ba ni da bakin roƙa maka.

Na karanta masa wasiƙarka, ban da layin neman gafara. Wannan da bakinka za ka faɗa, yadda na faɗi nawa. Likita ya ce yawanci mai wannan ciwon shekara biyu zuwa biyar yake yi a raye, mun shiga ta biyu. Ka zo da hantsi, lokacin ya fi ƙarfi, tun yana iya amsa maka.

Ka huta lafiya,
Matar Dogo