Hoton Mariyatu da ya shiga gurup

Zuwa ga yayana Hamidu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan gida alhamdu lillahi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma ko jiya sai da ta taka har gona ta ga dawa da idonta, don ba ta yarda da labarin kowa. An gama yankan hatsi, na bana ya fi na bara.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon saƙon murya. Waya ce ta jefa ni cikin abin da nake ciki, kuma na san hannunka, Yaya, abu ba ya kwana a wayarka. Barmo direba zai hau kar, babbar motar fasinja, gobe Alhamis daga Madawa, ya ce Lahadi zai danƙa maka ita. Don Allah ka karanta kai kaɗai.

Ka san bara an kawo mana tabilet a likitarmu, ɗan asibitin garin nan inda nake aikin jinya. Kowace Talata wata lokotoro mace daga Tawa tana duba mana marasa lafiya ta bidiyo. Ɗaki ne a rufe, sai da kodi, lambar sirri, ake shiga, ba a ɗaukar hoto, ba a ajiye komai a waya. Da ƙyar muka shawo kan mata. Ni da bakina na bi gida gida ina rantsuwa cewa abin da lokotoro ta gani ya tsaya tsakaninsu. A kan wannan rantsuwa Mariyatu, matar Isiyaku na wajenku a Abijan, ta zo, da jaririyarta 'yar wata huɗu da ƙurji a nono wanda ya fashe ya ƙi rufewa. Ranar batir ɗin pano, mai ɗaukar wutar hasken rana, ya mutu, tabilet ta ƙi tashi. Na ga ciwon, hankalina ya tashi, na tuna ka ce kana da maƙwabci mai aiki a faramasi, wurin sayar da magani. Na ɗauki hoto da wayata ba tare da fuska ba, na turo maka ka nuna masa. Kafin in danna sai da ta riƙe hannuna ta ce, "Fa'iza, ba wanda zai gani ko?" Na ce mata babu.

Sauran ka fi ni sani. Na yarda da alheri ka sa shi a gurup na waya na 'yan garinmu, kana tambaya ko wani ya san magani. Amma Yaya, mutum ɗari da wani abu ne a ciki, har da Isiyaku. Zanen da ke kafaɗarta a hoton shi ya aiko mata da salla, kuma an ce da abokansa uku ya je kasuwa ya zaɓo shi. Ba su nemi fuska ba. Kafin la'asar hoton ya dawo garin nan, har wajen masu shayi a bakin tasha. Ba ɗora maka nake yi ba, laifina ya fi naka, ni aka koya wa doka kuma ni na taka ta.

Isiyaku ya kira uwarsa Dela, ya ce in Mariyatu ta ƙara taka likita, ko tamu ko ta Buza, a bakin aurenta. Yau kwana goma sha biyu ke nan ba a wanke ciwon ba. Na je gidan sau uku. Inna Dela ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai tsaya bakin ƙofa ta ce ɗanta ya yi magana, ita kuwa ba za ta kashe auren da hannunta ba. Salamatu maƙwabciyarsu ta gaya mini cewa zazzaɓi ba ya sauka, ganye ake dakawa ana liƙa mata, kuma wari ya fara fita daga ɗakin.

Jiya Talata na faɗa wa lokotoro gaskiya duka. Ta ce maganar laifina za ta zo daga baya, kuma za ta zo. Ta ce da bayanin baki ba za ta iya sanin ko a tsaga ciwon a nan ba ko a ɗauke ta zuwa Tawa, sai ta gani. Ta ce in ruɓar ta shiga jini, magana ce ta kwanaki, ba ta watanni ba. Na kira Isiyaku ya fi sau ashirin, ya toshe lambata.

Yaya, gidanku ɗaya da shi a can, kuma tare kuka taso. Na roƙe ka don Allah, don darajar mahaifinmu da ke kabari, ka je ka same shi ran da takardar nan ta iso. Kada ka aika kowa, kada ka yi masa saƙo. Ka tafi da ƙafarka, ka ba shi haƙuri, kuma ka bar gardamar nan taka ta cewa niyyarka mai kyau ce. Ka gaya masa matarsa ba ta nuna jikinta ga kowa ba, amanarta aka ci. Ka gaya masa tabilet ba ta da hannu a ciki, wayata ce. In ba ya son ganina kusa da ita, ungozoma za ta shiga da ita, ni in tsaya waje. In kuma so yake a wanke sunanta, ka rubuta a gurup ɗin nan cewa Fa'iza ɗiyar Alhassan ce ta ɗauki hoton bayan ta yi alkawari. Na yarda, ko da aikin zai tafi. Kalma ɗaya kawai zai faɗa wa Inna Dela a waya.

Ka gaida mini Anti Farida da Usama da Saifullahi, da Kawu Jima in kun haɗu. Inna tana gaishe ka, ba ta san komai ba tukuna, na kasa gaya mata.

Ran Talata mai zuwa tun ƙarfe takwas zan buɗe ɗakin in kunna tabilet. Lokotoro tana rufewa sha biyu. Na roƙe ta ta ƙara mini rabin awa, ta ce to. Ban sani ba ko Mariyatu za ta iya jiran wata Talatar bayan wannan.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Fa'iza