Sunan da Inna Ta Faɗa wa Saniya

Fagge, Kano
4 ga Maris, 1994

Ƙanwata Furera,

Gaisuwa mai yawa. Ya makaranta, ya ɗalibanki masu kunnen ƙashi? Ya Inna da mutanen Burumburum?

To Malama, gyara zama. Kaset ɗina, Garke, ya fito, kuma gari ya ɗauka. Babu makaɗi ko ɗaya a ciki, daga ni sai kibod da injin ganga da sautukan da na naɗo a rugarmu bara, kukan maruƙa da tsiyayar madara a ƙwarya. Wata jaridar Legas ta ba shi shafi guda, ta ce an shekara goma ba a yi irinsa ba. Wani kamfani a Landan ya aiko yana so ya buga shi can. Masu cewa na yar da sandar kiwo na kama wasan yara, yanzu sai su zo mu gaisa.

Ga kwafi biyu nan hannun Mudi direba. Waƙar ƙarshe ki saurare ta ke kaɗai tukuna.

Yayanki,
Zailani

Tudun Wada
27 ga Maris, 1994

Yaya Zailani,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Wace ni kaɗai? Kafin Mudi ya iso, kaset ɗin yana tashi a kowace rumfar shayi ta Kwanar Dangora.

Kiɗa ya yi, ba zan ɓoye ba. Amma Yaya, waƙar ƙarshen nan muryar Inna ce fa, tana tatsar jar saniyar nan tana waƙa, tana kiran sunanka har sau uku. Kai ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai “wancan na Kano”. Ko mai facin keken nan da ya ci sunanka, kaucewa take ta wuce don kada su gaisa.

Ran kasuwa ta sauke ƙwaryarta ke nan, su Laraba abokan tallanta suka hau rera mata waƙar suna shewa. Ta ɗauki kayanta ta koma ruga, ko ludayi ɗaya ba ta sayar ba. Kasuwa biyu ke nan ba ta fita. Ta ce ka tuɓe ta a gaban jama'a.

Ka cire waƙar nan.

Ƙanwarka,
Furera

Fagge
2 ga Afrilu, 1994

Furera,

Na ga takardarki, ina gaida kowa. Ba laɓe na yi mata ba. Rikoda na rataye a turke da safe don in kama sautin madara, na bi shanu rafi. Sai da na dawo Kano na kunna na ji. Wallahi zama na yi daɓas a ƙasan situdiyo ina kuka, ƙato da ni.

Ke a cinyarta kika girma, Furera da safe, Furera da yamma. Ni ana yaye ni aka miƙa ni ga kaka. In na shigo ɗaki sai ta kau da kai, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na san al'ada ce, amma tun ina yaro na ɗauka har zuciyarta haka yake. Ashe tana da waƙata.

Ba zan cire ba. Ita ce waƙar da masana suka fi yabawa, kuma na san abin da na yi. Su Laraba za su gaji su yi shiru.

Zailani

Tudun Wada
11 ga Afrilu, 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. Ranar Asabar na je ruga na karanta wa Inna wasiƙarka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Tana saƙar faifai, ba ta ɗago ba. Da na zo wurin maganar bango sai hannunta ya tsaya. Can ta ce, “Saniya na faɗa wa, ba 'yan tasha ba.”

Kana so ka san ko tana sonka, to ka sani. Ina ruwan Kwanar Dangora a ciki? Masanan naka suna da uwaye, ba su sa su a lasifika ba.

Furera

Fagge
30 ga Afrilu, 1994

Ƙanwata,

Bakinki dai kamar na kaka, Allah Ya jiƙan ta. Kin yi gaskiya.

Na sa reza na yanke sunan daga uwar kaset, wuri uku. Ban cike gurbin da komai ba, madara ce kawai ke zuba. Muryarta kuma na lulluɓe ta da kibod, ba mai shaida ta. Ni da Mudi mun bi masu kaset na Bebeji, Kiru, Kwanar Dangora har Doguwa, mun karɓi tsofaffin mun ba su sababbi. Waɗanda suka riga suka shiga gidaje sun fi ƙarfina. Mutanen Landan sun ce na farkon suke so, na ce su ɗauki wannan ko su bari. Za su dawo, ki rubuta ki ajiye.

Ga sabon kaset, ga kuma na asali da rikodar ta naɗa a turke. Shi kaɗai ne a wurina. Ki ba Inna ta jefa a murhu, ki ce ina neman gafara.

Yayanki,
Zailani

Tudun Wada
9 ga Mayu, 1994

Yaya Zailani,

Gaisuwa da fatan alheri. Na kai saƙo. Inna ta sa na kunna sabon a bukkarta, ta juya mini baya wai tana gyaran ƙore. Da aka zo gurbin farko na leƙa, sai na ga leɓenta ya motsa. Haka a na biyu, haka a na uku. Ni dai ban ce na gani ba.

Jiya ta fita kasuwa, ta zauna dab da Laraba, nononta ya ƙare kafin azahar.

Na asalin kuwa ba ta ƙona ba. Ta rufe shi tsakanin faifai biyu sababbi, ta ɗinke bakin da hannunta. Ga shi nan wurin Mudi. Na tambaye ta wa za a ce a kai wa, ta ce, “Mai shi ya san kansa.”

Ƙanwarka,
Furera