Furannin Malam Isufu sun yi yaushi

Daren Asabar, Greensboro

Na dawo daga gasar furanni a gajiye. Malam Isufu, wanda ya koya mini tsara lambu, motarsa ta mutu a titin Wendover a hanyar zuwa gasar, shukokinsa suka yi yaushi a rana. Ya zo ya ce, "Hadiza, 'yata, ara mini ragowar furanninki in cike gurbi."

Suna nan jibge bayan labulen rumfata, amma na ce, "Baba, sun ƙare." Ban manta ba, bara a gaban alƙalai ya kira lambuna gonar yakuwa.

Ni na zo ta ɗaya. Da ya zo taya ni murna, na ce, "Baba, ka huta haka nan, aikin ya fi ƙarfinka." Ya juya ya tafi. Da na dawo gida, na ci tuwona har da ƙari.