Kofin Auta da Rufin Ɗakinmu

Zuwa ga Baba da Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar Inna, da sauƙi dai?

Albishirinku: Auta ya zo na ɗaya a gasar muhawara ta sakandarensu. Ban yi mamaki ba, yaron da in ya tsare mini shago yake sayar wa ƙaton mutum matsattsen takalmi, mutumin har da godiya. An ba shi ƙaton kofi mai hannu biyu. Na ƙwanƙwasa, Baba, ba azurfa ba ce, amma akwai zurfi.

Mu lafiya lau muke, kada Inna ta damu. Rufin ne kawai yake ɗan ɗiga saitin katifa, kuma tunda kofin nan ya shigo ba mu sake kwana a jiƙe ba.

Ashe kofin na yawo ne, duk zango ake sake gasar, wanda ya ci ya ɗauka. Na ce wa shugaban makaranta, "Ranka ya daɗe, kyauta ake ƙwacewa?" Ya ce haka tsarin yake.

Don Allah ku dage da addu'a Auta ya sake cinyewa ran Litinin. Ilimin ne a gaba, amma damina ma da saura.

Ɗanku,
Yayan Auta