Zuwa ga Malam, game da tsohuwar tasharmu

Assalamu alaikum, Malam.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma bakina ya gaji da yin shiru.

Gida lafiya. Gyaɗar da ka shuka a gonar Rogo kafin ka kwanta ciwo ta yi kyau, ɗanmu Sani ya cire ta. Matarsa ta sauka, namiji, an mayar masa da sunanka. Ƙanwarka ta Unguwar Hajji har yanzu in ta shigo sai ta gaida ɗakinka kafin ta tuna.

Makon jiya na sa Sani ya kai ni ƙaramar tashar da muka fara zama, lokacin da kake aikin zuba kwal a kan jirgin ƙasa. Malam, da ka gani da ba ka gane ta ba. Rufin barikin ma'aikata ya zube. Kan jirgin nan baƙi mai tururi, wanda ya ƙone maka hannu, yana gefen layin dogo, tsatsa ta cinye shi, awaki suna kwana a inuwarsa. Na taɓa ƙarfen, sanyi ƙalau. Ashe wuta irin wannan ma tana mutuwa?

Amma ba don jirgi na je ba, kai ma ka sani.

Ka tuna shekarar ƙyanda? Ka fita da jirgin gyaɗa, 'yarmu ta fari tana zazzaɓi a bayana. Kafin ka dawo an kai ta makwancinta. Ka shigo da baƙin kwal a fuska, ka ga goyo babu, ka zauna a bakin ƙofa. Ban yi kuka a gabanka ba, ban ce komai ba. Daga ranar ba mu sake ɗaga zancen ba har muka tsufa. Na sha ganin yadda kake sunkuyar da kai in an ambaci garin nan. Ka ɗauka ina riƙe da kai, ko? Wallahi ban taɓa ganin laifinka ba. Abincinmu ka fita nema. Kunyar 'yar fari ce ta ɗaure min baki, ni kuma yarinya ce, ban san shiru yana yi wa namiji ciwo haka ba. Me ya hana ni faɗa maka kana da rai?

Na tsaya daga bakin hanya, Sani ya shiga maƙabartar. Ya daɗe yana dubawa. Ciyawa ta rufe komai, bai gane kabarin ba, sai ya yi wa duk waɗanda ke kwance addu'a.

Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. A wurin na kira shi da ƙarfi, a gaban ɗana. Hadiza. Tsuntsaye suka tashi daga kan jirgin.

Allah Ya haɗa ku a Aljanna, Ya sa ta gane ka. Sai na zo.

Matarka,
Binta, daga Rogo Sabon Gari