Shekara Uku Ban San Sunanki Ba

Kasuwar Andong, ranar Laraba da hantsi

Ya ke sanyin idona! Ya ke kanyar kaka da ta rage ita kaɗai a ƙololuwar reshe bayan ganye ya zube, ja jawur, duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga kai! Ya ke tururin kogin Nakdong da sassafe, ya ke ɗumin ɗaki ranar da ƙanƙara ta toshe ƙofa! Maman Gi-tae, mutuniyar Yecheon, sarauniyar layin kifi, mai hannun da bai taɓa zuba gishiri ya wuce ƙa'ida ba, ki karɓi gaisuwar maƙwabcinki mai sassaƙa hatimin suna da ake bugawa a madadin sa hannu, wanda yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba ya ganin komai naki sai ƙeya.

Ƙeyar ma kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma haba! Taku bakwai ne tsakanin shagona da rumfarki, kin juya kujera ta fuskanci bango sai ka ce bangon ne zai sayi kifi. Shekara uku, tun da muka gane cewa ni da ke duk mun binne abokan zamanmu kuma cin abinci mutum ɗaya ba daɗi, muke cin na rana tare a kan akwatin nan naki, ke kina cire mini ƙaya, ni ina ba ki labaran da kika ji sau goma. Ga ni yanzu ina zuba ruwan zafi a taliyar kofi kamar ɗan makaranta. Wandona ya fara zamewa. Jiya kuma Ryu mai wainar shinkafa ta raɗa mini wani mugun labari: wai kin amsa wa ɗanki, ranar Asabar zai zo da mota daga Daegu ya kwashe ki da kayanki, ki rufe rumfa ki koma rainon jikoki. Da gaske ne, ya ke hasken layinmu? A kan fim? A kan bakina da bai san lokacin yin shiru ba?

Ki bar ni in koma ranar nan, ko don ki ga na gane laifina tun daga tushe. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta kwashe mu, mu goma sha huɗu, zuwa silima da rana tsaka. Kika fito da rigarki mai ruwan toka, babu ƙarnin kifi ko ɗigo, sai ƙamshin sabulu, na yi ta ture mutane da gwiwar hannu har na samu kujerar da ke gefenki. Kin tuna yadda fim ɗin ya fara? Gidan manya na shekara ɗari huɗu baya, baƙin rufi, rijiya a tsakar gida, mazan gidan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a tsince shi baki cike da ɗanyar shinkafa irin wadda ake sa wa gawa. Ga mai bincike daga fada da doguwar hularsa ta gashin doki, yana bi ɗaki ɗaki da fitila. Lokacin da igiyar guga ta fara jawo kanta alhali babu kowa a bakin rijiya, kika damƙe hannun rigata. Ranar ce farkon da kika taɓa ni a gaban mutane! Na rantse miki ban san wanda ya mutu a minti goman da suka biyo baya ba. Fatana kawai gugan nan ya yi ta hawa da sauka har gobe.

Sai ƙarshen nan da ya raba kasuwa gida biyu. Mai bincike ya gano fatalwar matar ɗan gidan ce, wadda mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, dangin miji suka tura ta rijiya don hukuma ta kafa musu jar ƙofar yabo, a ce gidansu ya fitar da mace mai biyayya da ta bi mijinta. Ba wanda ya hau rufi ya kira ruhinta kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Shi ya ɗauki rigarta ya hau, ya fuskanci arewa, ya kaɗa rigar, saura ya kira sunanta sau uku ta samu ta tafi ta huta. Amma ya riga ya duba littafin dangi shafi shafi, abin da aka rubuta mata kawai shi ne 'yar gidan Ha. Ya buɗe baki. Ya sake buɗewa. Allo ya yi baƙi ƙirin, fitilu suka kama.

Kin ji ihun Gwon mahauci: “Kai! Wuta ce ta ɗauke? Ku mayar mana da shi, ba a gama ba!” Wasu 'yan mata biyu a gabanmu suka hau danna waya suna ba fim ɗin maki, ɗaya na cewa tauraro ɗaya ma ya yi masa yawa, ɗayar na share hanci tana cewa goma zan ba shi, kuma kada ki sake yi mini magana. Wani dattijo ya ƙi tashi, wai in sunayen ma'aikata suka gama wucewa za a faɗi sunan. Sunaye sama da ɗari uku suka wuce, har na wanda ya riƙe doki, ita kuwa aka sake rubuta mata 'yar gidan Ha.  Ke kuwa kika ninke takardar guggurun nan gida huɗu kika sa a jaka, ni kuma, jakin duniya, na ɗauka tsoro ne bai sake ki ba.

A shagon farfesun ƙashi aka buɗe shari'a. Gwon ya buga tebur ya ce, “Mai fim ɗin nan ya gaji ne kawai ya tafi gida. Ni in na sayar wa mutum saniya babu wutsiya, ai sai ya dawo mini da ita!” Ryu, wadda ta rufe fuska da gyale tun daga gawa ta farko, ita ta fi kowa baki: “Ni ban gani ba, amma na ji, kuma na fi ku ganewa. Shinkafar nan a bakinsu, cewa take yi tunda ba ku kira ni ba, ku daina magana gaba ɗaya.” Wasu suka ce mai binciken ya san sunan, kunya ce ta kama shi. Wasu suka ce shi ne na gaba da za a tsinta da shinkafa. Da ma na yi ta shan romona! Amma kofi biyu na giyar shinkafa, ga hannun rigata da har lokacin ke ɗauke da ɗumin yatsunki, sai na ji ni sarki ne. Na miƙe na ce, “Wane irin mai bincike ne wannan, awa biyu ya kasa gano sunan mace ɗaya? Ya tambaya mana! Ni da na shekara arba'in ina sassaƙa sunayen mutane, da ni ne, kafin romon nan ya huce na gano shi.”

Kika ajiye cokali a hankali. Kika ce, “To, mai hatimi, ni yaya sunana?”

Na ce, “Maman Gi-tae mana.”

Kika ce, “Gi-tae bana ya cika talatin da takwas. Ni sittin da ɗaya. Kafin nan fa?”

Gwon ya ƙware, romo ya fito masa ta hanci. Ni kuwa na tsaya baki buɗe a gaban mutum goma sha uku, babu hular gashin doki, babu rigar kaɗawa, amma ni da mutumin kan rufin nan ba mu da maraba. Kika ɗauki jakarki kika fita, kuma tun daga lokacin nake zaman ƙeya.

Kada ki ɗauka na zauna ne ina kuka cikin taliya, ya ke raɓar safiyata. Bincike na shiga, na gaske! Na tambayi layin kifi kaf, kowa ya ce mutuniyar Yecheon, ko Maman Gi-tae. Na duba littafin ƙungiya, rumfarki har yau da sunan marigayi mijinki take. Ɗanki kuwa, da wane ido zan buga masa waya in ce, yaro, ina son mahaifiyarka, yaya sunanta? Ranar Lahadi na rufe shago, na ɗauki kwalin tuffa na hau bas zuwa Yecheon, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan yayarki Bok-rye. Na same ta tana shanya barkono a tabarma. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, “Kai ne mai hatimin? Yadda take ba da labarinka na zaci ka fi haka tsawo.” Kin ji? Ashe kina ba da labarina! Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ta yi dariya har ta zauna a kan barkonon. “Shekara uku kana cin kifin ƙanwata ba ka san sunanta ba? To da me kake kiranta, mus-mus kamar mage?”

Da dariyar ta ƙare sai ta ɗauki barkono ɗaya tana juyawa. Ta ce, “Mu biyar ne mata a jere. Ranar da aka haife ta, karo na biyar ke nan aka ɗaura igiyar haihuwa a ƙofar gidanmu da gawayi zalla, babu jan barkonon da ke nuna an samu namiji. Babanmu bai shiga ɗakin ba. Sunan da ya sa mata ba nata ba ne, roƙo ne: na gaba dole ya zo namiji. Aka kuwa yi namijin. Sai ya riƙa yabon sunan a gaban baƙi, yana cewa ya yi aikinsa. Ita dai ban taɓa jin ya yabe ta ba. Ranar da ta haifi Gi-tae, ta kama hannuna ta ce, Yaya, yau na huta, na samu wani sunan.” Bok-rye ta faɗa mini ainihin sunanki, ta kuma ce in ka kira shi da wasa, da taɓaryar nan zan biyo ka Andong.

Ashe shi ya sa! Shekara ashirin da shida kina layin nan ba ki taɓa kawo mini aikin hatimi ba, sai ki hau mota har Yeongju wajen wani mai karkarwar hannu don kada in ga sunanki, ni ina nan ina cizon yatsa ina cewa raina aikina kika yi. A cikin bas ɗin dawowa na yi kuka, ban ji kunyar faɗa miki ba, har wata tsohuwa ta miƙo mini alewa. Kin ɓoye shi, gaskiya ne. Amma ɓoyewar taki ce, rashin tambayar nawa ne, kuma nawa ya fi muni. Na san kofinki ba a sa masa sukari, na san gwiwarki ta hagu ce ke faɗa miki za a yi ruwa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi wace ce ke nan kafin ta zama uwar wani ko matar wani ba.

Na koma na sake kallon fim ɗin ni kaɗai, babu mai damƙe mini riga, na ci tsorona da kaina. Na janye maganata a gaban kowa: ƙarshen nan daidai yake. Gwon ma ya sauko. Wai ya koma gida ya tsaya gaban hoton kakarsa da ta goye shi, ya nemi sunanta a kansa ya rasa, tun ranar yake yanka nama shiru kamar ba shi ba.

Yanzu ki taɓa ambulan ɗin nan, za ki ji abu mai tauri a kusurwa. Hatimi ne na guntun itacen magarya da tsawa ta faɗa wa, wanda na ɓoye shekara goma sha biyar ina jiran sunan da ya cancanta. Kwana biyu na yi ina sassaƙa naki a kansa, ni da nake gama hatimi kafin mai shi ya sha shayi. In kin tsani sunan har zuciya, kotu na sauya suna yanzu, tsofaffi nawa suka yi, zan raka ki in riƙe miki jaka in sassaƙa sabo. In kin ga dama ki jefe ni da wannan, taku bakwai ne, ba za ki kuskure ba. Amma akwai wata takardar aure a ofishin gunduma mai gurbi biyu, na miji da na mata, na karɓo ta tun kafin bikin kaka na kasa buɗe baki. Nawa gurbin na riga na buga masa hatimi. Kada ki shiga motar nan ranar Asabar! Jikoki suna da uwa da uba, ni wa gare ni? Wa zai ce mini na faye surutu? Wa zan kalla in na ɗaga kai daga aiki?

Pil-nam.

Ga shi na rubuta, kuma na faɗe shi da ƙarfi a cikin shago har sau nawa ban ƙirga ba, ban ji komai a cikinsa ba sai ke. Chae Pil-nam, mahaifinki ya kira wannan suna idonsa na kan wanda zai biyo bayanki. Ni in na kira shi, babu kowa a bayanki da nake hange. Ke nake jira, kuma ke ce kika zo.

Naki, har ranar da hannun nan zai kasa riƙe wuƙar sassaƙa, da duk ranakun da za su biyo bayanta,

Bae Yong-dal